INSHORA A YANKINMU: DOKA TA GYARU A ABUJA, SAURA TA ISO ƘANƘARA, FASKARI DA SABUWA



Mun saba a wannan shafi mu yi ta kai ruwa rana kan wa zai fito takara, wa ya sauya sheƙa, wa aka ba muƙami aka hana wane. Yau ina roƙon mu ɗan jingine wannan, mu duba wata takarda da ke cikin aljihun gaban motar kusan kowane direba da ke lodi daga Ƙanƙara zuwa Funtuwa, ko daga Sabuwa zuwa Ɗandume. Takardar inshora nake nufi. An biya kuɗinta, an linke ta tare da lasisi da sauran takardun mota, a miƙa ta a shingen 'yan sanda, a duba a mayar. Amma ka shiga tasha ka tambayi direba wane kamfani ne ya ba shi ita, kuma ina zai nufa ranar da tsautsayi ya faɗa masa. Da wuya ka samu amsa. A wurin yawancinmu inshora wani haraji ne kawai da ake biya don a bar mutum ya wuce.

Abin da nake so in faɗa a fili shi ne: gwamnatin jam'iyyarmu ta gyara dokar inshora a Abuja, kuma gyaran mai kyau ne. Sai dai kariyar da ke cikin dokar ba ta iso yankinmu ba, kuma ba za ta iso da ƙafarta ba. Waɗanda muka zaɓa su ne za su ɗauko ta. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Da farko mu san wa ke da wuƙa da nama a harkar. Kundin tsarin mulki na 1999 ya sa inshora cikin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka. Saboda haka gwamnan Katsina ba ya ba kamfanin inshora lasisi, ba ya kuma ƙwacewa. Wannan aikin Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa ne, wato NAICOM, wadda aka kafa a 1997, hedikwatarta a Abuja, tana kuma da ofishin shiyya a Kano. Shugabanta na yanzu shi ne Olusegun Omosehin, wanda Shugaba Tinubu ya naɗa a 2024. Ita ce ke ba kamfani izinin fara aiki. Ita ke duba littattafansa ta ga ko dukiyarsa ta kai ta biya alkawuran da ya ɗauka. Ita ke amincewa da kowane sabon nau'in inshora kafin a kai shi kasuwa, ita ke yi wa dillalai rajista, kuma tana da sashe na musamman na karɓar koke daga wanda kamfani ya ƙi biya. In kamfani ya kangare, tana iya cin tararsa, ta rushe shugabanninsa, ko ta soke lasisinsa ɗungurungum.

Dalilin da ya sa ake buƙatar irin wannan hukuma a bayyane yake. In ka sayi buhun masara a kasuwar Ɗandume, ka kwance bakinsa, ka zura hannu, ka ga abin da ka saya. Inshora kuwa alkawari kake saya. Ka ba da kuɗi yau, a ce maka in wani abu ya faru gobe za a tsaya maka. Ba ka da hanyar leƙa asusun kamfanin ka ga ko akwai kuɗin. Dole a samu wani mai iko da zai leƙa a madadinka. In wannan mai leƙen ya yi barci, to kuɗinka sun bi ruwa.

Kuma an sha ganin haka a ƙasar nan. A watan Yunin 2022 NAICOM ta soke lasisin kamfanonin Niger Insurance da Standard Alliance, bayan an daɗe ana kuka da su kan rashin biyan masu haƙƙi. A watan Oktoban 2024 ta sauke shugabannin African Alliance, ɗaya daga cikin tsofaffin kamfanonin inshorar rai a Najeriya, ta naɗa na riƙo, saboda tsofaffin ma'aikata da suka miƙa masa kuɗin fanshonsu don ya riƙa biyansu wata-wata sun yi ta jira shiru. A yaba wa hukumar da ta ɗauki mataki. Amma a tambaye ta, me ya sa sai da bango ya tsage? Dattijon da ya yi wata da watanni babu kuɗin magani, sauke shugabannin kamfani ba ya mayar masa da waɗannan watannin.

Ku kwatanta da banki. Lokacin da Babban Banki ya soke lasisin Heritage Bank a watan Yunin 2024, hukumar NDIC ta fito ta fara biyan masu ajiya har zuwa naira miliyan 5 kowane mutum. Mai ajiya a banki ya san yana da inda zai dafa. Mai inshora kuwa, shekara da shekaru, in kamfaninsa ya durƙushe sai dai ya bi layin masu bin bashi, ya jira a sayar da kadarori.

Wannan giɓi yana cikin abin da sabuwar dokar gyaran harkar inshora ta zo ta toshe. A watan Agustan 2025 fadar shugaban ƙasa ta sanar cewa Shugaba Bola Tinubu ya sa mata hannu, ta maye gurbin dokar 2003. Abu biyu a cikinta sun fi shafar talaka. Na ɗaya, jarin da dole kamfani ya mallaka. Tun 2007 kamfanin inshorar rai naira biliyan 2 ake nema a hannunsa, na dukiya da motoci biliyan 3, kuma kowa ya san abin da ya samu darajar naira daga wancan lokaci zuwa yau. Sabuwar doka ta kai na rai biliyan 10, na dukiya biliyan 15, kamfanonin da ke yi wa kamfanonin inshora inshora kuma biliyan 35, aka ba su wata 12 su cika. Na biyu, ta tanadi asusu na musamman don kare masu inshora in kamfani ya kasa biya. Wannan aiki ne da za mu iya bugun ƙirji da shi a gaban 'yan adawa.

To amma mu dawo gida. Me direban Sheme ya gani a ƙasa?

Abin da ya gani shi ne ƙarin kuɗi da ƙarin shinge. Daga 1 ga Janairun 2023 NAICOM ta ɗaga kuɗin inshorar dole ta motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000. Daga 1 ga Fabrairun 2025 kuma Sufeto Janar na 'yan sanda na lokacin Kayode Egbetokun ya ba da umarnin a fara kama duk wanda ba shi da ita. Wannan kowa ya ji shi. Abin da ba a gaya wa mutane da Hausa ba shi ne ɗaya ɓangaren cinikin. Waccan naira 15,000, in ta gaske ce, tana ɗauke da biyan ɓarnar da motarka ta yi wa dukiyar wani har naira miliyan 3, a da kuwa miliyan 1 ne. Ban da wannan, tana ɗauke da diyyar wanda ka ji wa rauni ko ya rasa ransa. Mai babur naira 3,000 zai biya, a tsaya masa har miliyan 1. Mai Keke Napep 5,000, a tsaya masa har miliyan 2. Ita wannan inshora ba ta gyara maka taka motar. Wanda ka yi wa ɓarna take biya, shi ya sa ake ce mata ta ɓangare na uku.

Yanzu ku tuna yadda muke yi in hatsari ya faru a hanyar Funtuwa zuwa 'Yankara. A taru a ofishin 'yan sanda ko a ƙofar gidan mai unguwa. Shugabannin tasha su zo, dangi su zo. A yi ta ban haƙuri, a yanke wa direba abin da zai biya. Ya sayar da ɗan filinsa ko akuyoyin matarsa, 'yan uwa su yi masa karo-karo. Wanda aka kaɗe kuma ya karɓi abin da bai kai kuɗin asibiti ba, ya ce ya bar wa Allah. Duk wannan ana yi takardar inshora na kwance a cikin mota, babu wanda ya tuna da ita. Kamfani ya ci kuɗinsa lafiya lau, domin babu wanda ya zo nema.

Wani lokacin ma ko an nema babu abin da za a samu, saboda takardar ta jabu ce. Akwai masu zama a gefen ofisoshin lasisi da bakin tasha suna buga takarda mai tambari da launi, su karɓi dubu biyu ko uku, su haɗa maka cikin takardun mota. Ko sisi ba ya zuwa wani kamfani. Mai mota yana murna ya samu sauƙi, bai san takardar banza ya saya ba. Alhali akwai hanyar ganewa a cikin minti ɗaya. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta ƙasa tana da rumbun bayanai da ake kira NIID, inda ake shigar da kowace inshorar mota ta gaske. Ka danna *565*11# a wayarka, ko da ƙaramar waya ce, ka sa lambar motarka, za a nuna maka ko tana ciki. Don Allah duk wanda ya karanta wannan rubutu ya gwada yau, ya kuma koya wa direban da ya ɗauko shi. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Mu koma gona, domin nan ne ran yankinmu yake. Masara, dawa, waken suya, auduga, daga Daudawa zuwa Sabuwa. Tun 1987 gwamnatin tarayya ta fito da tsarin inshorar noma, wanda hukumar NAIC ke gudanarwa. A tsarin, manomi rabin kuɗin inshora yake biya kan amfanin da aka ware, gwamnati ta cika rabi: tarayya kashi 37.5 cikin 100, jiha kashi 12.5. Abin da ake biya a kai shi ne fari, ambaliya, gobara, guguwa, ƙwari da cututtuka. Lokacin shirin bashin manoma na Anchor Borrowers da marigayi Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Kebbi a watan Nuwamban 2015, da rabon irin auduga da Babban Banki ya ƙaddamar a Katsina a 2019, kuɗin inshora na cikin lissafin bashin da aka ɗora wa manomi. Tambayata ga shugabannin ƙungiyoyin manoma na ƙananan hukumominmu uku: manomi nawa aka ba takardar inshorarsa a hannu? Nawa aka gaya wa cewa in ruwa ya ci gonarsa dole ya kai rahoto da wuri, kafin shaida ta gushe? Wanda aka cire wa kuɗi ba a gaya masa haƙƙinsa ba, an zalunce shi ko da kuwa babu wanda ya yi niyyar zalunci.

Na san abin da ke ran mai karatu daga Faskari ko Ƙanƙara. Zai ce malam, mu fari da ƙwari ne damuwarmu? Mu da aka hana zuwa gona? Mu da aka kore wa shanu? Gaskiyarka. Babu wanda ya manta daren 11 ga Disamban 2020 da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. Babu wanda ya manta 2021 da aka rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, aka hana cinikin dabbobi a kasuwanninmu, aka katse layukan waya wata da watanni. Kuma a nan dole a gaya wa mutane gaskiya komai ɗacinta: yawancin takardun inshora na yau da kullum sun cire asarar da ta zo ta hanyar yaƙi, ta'addanci da tarzoma, sai in an saye wannan kariya daban da ƙarin kuɗi. Duk dillalin da ya zo ƙauye ya ce maka inshorarsa ta ɗauke har harin 'yan bindiga, ka ce ya nuna maka a rubuce. Inshora ba ta maye gurbin tsaro, kuma kada wani ɗan siyasa ya fake da ita.

Amma ko a nan akwai aikin hukuma. Tunda babu inshorar da ke shiga kasuwa sai da amincewar NAICOM, tana da ikon ta ce duk wadda za a sayar wa manomi ko ɗan kasuwa a Arewa sai an rubuta abin da ta ɗauka da abin da ta cire a shafi ɗaya, da Hausa, da boko da ajami. Yaudara mafi yawa a harkar nan a cikin ƙananan rubutun Turanci take ɓuya.

Akwai kuma 'ya'yanmu da ke cikin rundunar tsaro ta Community Watch Corps da Gwamna Malam Dikko Umaru Radda ya ƙaddamar a watan Oktoban 2023. Waɗannan matasa ransu suke ɗauka a hannu su shiga daji saboda mu. Dokar fansho ta tarayya ta 2014 ta ɗora mizani cewa mai ɗaukar ma'aikata ya yi musu inshorar rai ta akalla ninki uku na albashin shekara. Wannan mizani ya kamata ya zama mafi ƙarancin abin da kowane ɗan runduna ke da shi, kuma matarsa da mahaifinsa su san sunan kamfanin da inda za su je. Tallafin da gwamna ke bayarwa in an yi rashi alheri ne, Allah Ya saka. Amma alheri yana tafiya da mai shi, haƙƙin da ke rubuce kuwa yana nan ko gwamnati ta canza.

Sai maganar addini, wadda ita ce ta hana da yawa daga cikinmu ko kallon inshora. Damuwar tana da tushe. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta ce inshorar kasuwanci da aka saba da ita tana da garari mai ɓata ciniki, ta kuma halatta wadda aka gina kan taimakekeniya. Ita ce takaful. Tun 1979 aka kafa kamfaninta na farko a Sudan. A nan Najeriya NAICOM ta fitar da ƙa'idojinta a 2013, kuma yau akwai kamfanoni masu lasisi irin su Jaiz Takaful, Noor Takaful da Salam Takaful. Yadda take aiki bai yi nisa da abin da muka gada ba. Mahalarta su zuba kuɗi a asusu ɗaya da niyyar taimakon juna, wanda masifa ta faɗa wa a cire a ba shi, kamfani ya ɗauki ladan kula da asusu, ba a juya kuɗin a harkar riba, in an samu rara a ƙarshen shekara a raba wa waɗanda ba su karɓi komai ba. Kowane kamfani kuma dole ya kasance da majalisar malamai masu sa ido. Mutanen da suka san gayya da adashi ba sa buƙatar dogon bayani kan wannan. Abin da suka rasa shi ne wanda zai kawo musu shi ƙofar gida, da hukumar da za su kai ƙara in an ci amanarsu.

Ku tuna gobarar babbar kasuwar Katsina ta watan Maris 2021. Shaguna suka ƙone, dukiya ta salwanta, aka koma kafa kwamitin neman gudummawa. Haka muke yi kullum: wuta ta ci, manya su zo jaje, a yi alkawari, a raba abin da ya samu. Da 'yan kasuwar Sheme, Ƙanƙara da Sabuwa za su shiga takaful a ƙungiyance, ta hannun shugabannin kasuwa, da kowa ya san abin da zai samu tun kafin wutar ta tashi. Allah Ya kiyaye.

Saboda haka ga abin da muke nema, kuma muna nema ne a matsayinmu na 'yan gida.

Na farko, ga ɗan majalisarmu na tarayya mai wakiltar Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa, da Sanatanmu na shiyyar Funtuwa, Muntari Ɗandutse. Ku kuka yi dokar, ku ke da ikon sa ido kan NAICOM. Ku nemi ta buɗe teburin karɓar koke a Funtuwa, ko da rana ɗaya ce a mako, da ma'aikaci mai jin Hausa. Cewa mutum ya shigar da koke ta intanet ba amsa ba ce ga yankin da ya taɓa yin watanni babu layin waya. Ku kuma nemi ta riƙa wallafa sunayen kamfanonin da suka fi ƙin biya, kowa ya gani.

Na biyu, ga gwamnatin jiha, musamman Mataimakin Gwamna Malam Faruk Lawal Joɓe, wanda ɗan Ƙanƙara ne, ya san hanyoyin nan da kasuwannin nan. Gaskiya ne jiha ba ta ba da lasisin inshora, amma ofisoshin rajistar mota nata ne, KASSAROTA tata ce. A kori masu buga takardar jabu daga harabar ofisoshin. Kada a sabunta wa kowa takardun mota sai an duba inshorarsa a rumbun NIID a gabansa. A kuma bayyana wa jama'a abin da jiha ke biya na kasonta a tallafin inshorar manoma, da adadin manoman kowace ƙaramar hukuma da ke ciki.

Na uku, ga shugabannin ƙananan hukumominmu uku da shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW. A kowace tasha a samu mutum ɗaya da aka koya wa yadda ake neman haƙƙi: a ɗauki hoton hatsari, a karɓi rahoton 'yan sanda, a sanar da kamfani nan take, a ajiye kwafin kowace takarda, in kamfani ya yi shiru a rubuta wa NAICOM. Ba sai da lauya ake kai wannan koke ba. Ranar da direba ɗaya a tashar Ƙanƙara ya ga kamfani ya biya masa diyyar da da filinsa zai sayar, ba sai an ƙara yi wa kowa wa'azi ba.

Na huɗu, ga malamanmu. Ku binciki takaful da kanku, ku kira kamfanonin su zo su yi bayani a gabanku, ku gaya wa jama'a abin da ya halatta da abin da bai halatta ba. Maganarku ɗaya a kan mumbari ta fi tallan rediyo na shekara.

Na san wasu za su ce wannan tona asirin gida ne, ko an turo mu. Babu wanda ya turo mu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu ne muke zuwa rumfar zaɓe, mu ne za mu koma ƙofa-ƙofa neman ƙuri'a, kuma mu za a tare da tambaya. In direba ya ce mana jam'iyyarku ta ninka min kuɗin inshora sau uku ta kuma turo min 'yan sanda, me na samu? Muna so ya kasance muna da amsar da za mu nuna masa da yatsa, a garinsa, da sunan wanda aka biya.

Ku yaɗa wannan har ya kai ga waɗanda aka ambata. Duk wanda ya duba lambar motarsa, ya gaya mana abin da ya gani, ta gaske ce ko ta jabu.

Allah Ya ba mu zaman lafiya a Ƙanƙara, Faskari, Sabuwa da jihar Katsina baki ɗaya. Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya ba shugabanninmu ikon sauke nauyin da ke kansu. Amin.